Ƙarfen Sabis a Bayan Gidana

Ranar da 'yata Stella ta haihu a Kachia, ni a Kafanchan na wanke babbar tukunya, na share ɗakin da ta girma a ciki. Ita kaɗai Ubangiji ya ba ni, haihuwar fari ce kuma, kowa ya san gida ake dawowa wanka. Kwana uku ina leƙen ƙofa, sai ga wayar mijinta, Gershon.

"Mama, ki yi haƙuri, ba za mu kawo su ba. Ƙarfen sabis ɗin wayar nan na bayan gidanki ne matsala. An ce cajinsa na tsiyaya kullum, sai ya riƙa zuƙar na jikin mutane yana cike gurbi. Jariri ba zai iya ba."

Ji shirme! Jikan nawa batir ne? Na wanke Gershon tas da faɗa, har sai da katinsa ya ƙare. Amma da na ajiye waya, gidan ya yi mini faɗi. Tun rasuwar mijina ni kaɗai nake ci, ni kaɗai nake addu'a, ba mai ce mini amin. Na tsaya ina kallon ƙarfen, tsoro ya kama ni. Wannan ciwon gwiwa da nake fama da shi, ko shi ne?

Washegari na hau keke napep na tafi makarantar da Malam Patrick ke koyar da kimiyya. Ɗan mawaƙan cocinmu ne, a gabana ya girma. Na ce masa ya bar mini turanci, ya faɗa mini gaskiya.

Ya jawo bokitin ruwa, ya ce in sa hannu in kaɗa. Na kaɗa.

"Mama Afiniki, motsin ruwa ya kai bakin bokiti?"

"Ya kai."

"Yatsunki sun ragu?"

"Kai, Patrick, ni sa'arka ce?"

Ya yi dariya ya ce to haka eriyar da ke kan ƙarfen take. Cajin da ke cikinta kai da komo kawai yake yi a wurinsa, ba ya fita. Abin da ke tafiya ƙarfi ne, shi kuma janareta ke mayar da shi. Babu gurbin da za ta cike, balle ta zuƙi na wani. Ya ce ni ma haka nake, duk jikin da ke da ɗumi yana watsa irin wannan abu da ido ba ya gani, kuma ba caji yake rasawa ba, ɗumi ne, tuwo ke mayar da shi.

Na sa ya maimaita har sau uku. A motar Kachia ina bitar maganar kamar ayar haddacewa, mai buhun citta da ke kusa da ni sai kallona yake.

Na same su a falo. Ko zama ban gama yi ba na ce a kawo bokiti. Na kaɗa ruwa, na nuna yatsuna, na jero bayani bai ɓace mini ko ɗaya ba. Gershon ya sunkuyar da kai yana murza hannu.

"To, ranka ya daɗe mai ilimi," na ce, "sai wane dalili kuma? Ke kuma dubi yadda kika riƙe yaro kamar damin alayyafo. Tashi ki haɗa kaya."

Stella ba ta motsa ba. Ta dubi mijinta, ya fita.

"Mama, ni na ce ya faɗa miki maganar ƙarfen. Mun san ba ya yin komai."

"To mene ne?"

"Bakinki nake tsoro." Hawaye na zubo mata a kan zanen goyo. "Kwana arba'in za ki yi kina ce mini ban iya wannan ba, ban iya wancan ba. Na gaji, Mama, jikina ciwo yake. Ba zan iya ba. Na rasa yadda zan faɗa miki ne."

Wayyo ni. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Amsa ta taso mini har wuya, mai zafi, irin wadda na saba. Na buɗe baki, sai na ga ta ɗaga kafaɗu ta runtse ido, ta rufe kunnen jaririn da tafin hannunta.

Na haɗiye maganar. Na tambaye ta a hankali ko zan iya ɗaukarsa kaɗan kafin motar ƙarfe huɗu ta tashi. Ta dube ni tukuna, sannan ta miƙo mini shi.