Waƙar Niƙa

Irmiya ya danna allura a wuyan bijimin ke nan sai ya ji fito a bayansa. Hannunsa ya tsaya. Saji, Bafulatanin da ke riƙe da ƙahon, ya ce, "Likita, zare mana, zai ƙwace."

Ya zare, bai waiwaya ba. Ya san mai fiton. Lukman ne, abokin aikinsa a ofishin kula da dabbobi, wanda suke hawa babur ɗaya zuwa rugage. Waƙar ma ya san ta. Ita suke rerawa a 'yar majami'ar ƙauyensu, kuma tun a baitin farko akwai sunan Yesu a cikinta.

Ba yau Lukman ya fara ba. Kullum kuma sai su biyu yake yi.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Irmiya ya koyi kama bakinsa. Ya ɓamɓare hoton gicciye daga tankin babur. Da azumi a bayan ofis yake shan ruwa. Ran Lahadi fasto ya ce kowa ya zama shaida a wurin aikinsa, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana tunanin Habila. Habila ma a ofishin nan yake a da. Masinja ne ya tambaye shi game da addininsa, ya amsa. Aka yi taro a kansa, aka ce wa'azi yake yi, aka sallame shi. Har yau ba a san wanda ya kai ƙarar ba. Abin da Irmiya ya sani, yayan Lukman ɗan Hisba ne. Shi kuma Irmiya, yaransa da wannan aikin suke makaranta.

Da suka gama da garken Saji, Lukman ya yi la'asar a gindin tsamiya, suka kama hanyar Rano. Irmiya ke tuƙi. Wani abu mai tauri a aljihun gaban Lukman yana tokarar bayansa. Girmansa zai kai ƙaramar rikoda.

"Fasto," in ji Lukman.

"Na hana ka kirana da sunan nan."

"To, Malam Irmiya, Allah ya huci zuciyarka. Waƙar nan da nake fito, ka san ta."

"Wace waƙa?"

"Kai dai. Na ji kana gunguninta ranar da kake dafa allurai. Me ake cewa a ciki?"

Irmiya ya kauce wa wani rami. Ya nemi fuskar Lukman a madubi, madubin ya karkace, ƙurar hanya kawai yake nunawa. Wa ya aiko shi? Me ya sa sai yanzu, da ba kowa a hanya?

"Waƙar niƙa ce," in ji shi. "Matan ƙauyenmu ke yi a kan dutse. Dawa, gero, shirmen mata."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Suka wuce wani mai amalanken shanu. Da Lukman ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, sai da ya matso da bakinsa kusa da kunnen Irmiya.

"Inna ce. Tun damina take kwance, ba ta gane kowa. Ni ma kallon baƙo take min. Amma waƙar nan ba ta fita daga bakinta, dare da rana. Kalmomin sun ɓace mata, sai ta kai wani wuri ta tsaya, ta yi ta kuka. Maganinta ne ma wannan na sayo da safe." Ya taɓa aljihun. "A ƙauyen Maguzawa aka haife ta, can bayan Kibiya, kafin ta musulunta ta auri Baba. Yaya ya ce a daina kula ta. Ni kuwa na ce ko in wani ya ƙarasa mata za ta samu barci."

Ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Ashe niƙa take yi."

Irmiya ya ci gaba da tuƙi. Yana iya zama gaskiya. Yana iya zama kuma an zauna ne an tsara labarin, har da zancen maganin. Masinjan da ya tambayi Habila ma da fuskar tausayi ya zo. Ya yi ƙoƙarin tuna ko ya taɓa jin Lukman ya ambaci rashin lafiyar mahaifiyarsa. Sau ɗaya, wataƙila. Ko ba shi ba ne.

Amma ya san inda tsohuwar ke tsayawa. Duk fiton Lukman a nan yake yankewa, daidai bakin sunan Yesu.

Rufin kwanon gidajen Rano ya fara ƙyalli a gaba. In sun shiga gari, magana ta ƙare.

Irmiya ya murɗa mai. Babur ya yi ƙara, iska ta cika musu kunne. A cikin ƙarar ya buɗe baki ya rera baitin farko, yana kallon hanya, da muryar da shi kansa da ƙyar yake ji. In an tambaye shi gobe, zai ce tari ya yi.

Lukman ya dafa kafaɗarsa.

"Rage gudu, ban ji ba."

Abin aljihun yana nan yana tokarar bayansa, har yanzu bai gan shi da idonsa ba. Irmiya ya duba gaba, ya duba gefe. Ba kowa sai awaki.

Ya sassauta hannu, babur ya rage gudu.