Faranti Mai Zobe Ɗaya

Shekara arba'in da ɗoriya Mai Agogo ya yi a rumfarsa ta ƙarƙashin matakalar kasuwa, da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar kusoshin da ba su kai ƙwayar yashi ba. Tsufa bai taɓa masa hannu ba. Mafitsara ya kama.

Duk bayan 'yan watanni sai fitsari ya riƙa ƙona shi, ya yi ta zarya bayan gida yana barin aiki a buɗe. Ya saba da abin. Sai ya sayi kafso a kantin magani, ya sha kwana biyu, da ya ji sauƙi ya ajiye sauran a aljihun tebur. A wannan karon ya sha na kwana biyar, zazzaɓi ya ƙaru, ƙugu ya riƙe.

Jikarsa ce ta tsare shi. Tana aiki a ɗakin gwaji na asibiti, shi kuma Likita yake ce mata ko da ta sha gaya masa ita ba likita ba ce. Ta ajiye masa 'yar kwalba mai murfi a kan tebur.

"Kaka, cika min wannan."

"Ke ba ki da kunya? Fitsarin nawa za ki ɗauka ki yi yawo da shi a gari?"

"Na mutum hamsin nake dubawa kullum. Naka ba na zinariya ba ne."

Ya yi ƙunƙuni, amma ya cika.

Kwana biyu bayan nan ya je karɓar sakamako. Likitan gaske ya rubuta masa allura ta kwana bakwai, ya ce kafson da ya saba sha ya daina yi masa aiki. Mai Agogo bai gamsu ba. A ganinsa magani magani ne, sai dai in jabu aka sayar masa. Jikar ta nemi izinin shugabarsu, ta sa masa farar riga da safar hannu, ta shigar da shi ciki.

Ɗakin da sanyi, yana warin maganin goge ƙasa. Ta buɗe wani akwati mai ɗumi kamar jikin mutum, ta fito da faranti na roba mai murfi, faɗin tafin hannu. Samansa ya yi fari-fari kamar an shafa madara, ga wasu 'yan takardu shida zagayayyu an jera a kai.

"Farin nan duk ƙwayoyin cutar da ke jikinka ne," in ji ta. "Shekaranjiya ɗigo ɗaya na shafa, suka tsiro. Jiya na shimfiɗa su a nan. Kowace takarda da maganin da ke jikinta. Inda magani ya fi ƙarfinsu, za ka ga fili ya zagaye takardar, ba su iya matsowa."

Ya sunkuya. Takarda ɗaya ce kawai ke da fili, zobe mai haske, tsaf kamar an zana da kamfas. Sauran biyar farin ya rufe su har baki.

"Wannan fa?"

"Kafsonka ne."

"A kansa suke zaune?"

"Har da miƙe ƙafa."

Bai yi dariya ba. Ta ɗiga wani ruwa a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin gwaji mai ƙara girman abu, ta gyara masa kujera. Hannunsa ya sami abin saita madubin da kansa, ya murɗa a hankali irin na wanda ya san aiki. Da farko hazo ya gani. Can sai hazon ya waye.

Wasu 'yan sanduna ne, ba iyaka, suna motsi. Wani ya tafi sak, ya tsaya, ya wuntsila, ya canza hanya. Wani ya tsuke a tsakiya yana shirin zama biyu. Ba kai, ba ido, amma kowanne yana tafiyarsa kamar an aike shi.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Ya daɗe bai ɗago ba. "Wa yake ba su wani?"

"Wane wani?"

"Agogo sai an murɗa masa yake tafiya. Su wa ke murɗa musu?"

"Ci suke yi, su rabu. In sun sami wuri, duk minti ashirin ɗaya ya zama biyu."

Ya yi lissafi da leɓɓansa, ya kai yawan da za su yi a awa uku, ya bari.

"To ina suka koyi ƙin magani?"

"A wurinka wani, a wurin wasu wani. Duk sanda ka sha na kwana biyu ka bari, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su gaje gidan. Kuma suna miƙa wa junansu dabarar, kamar maƙwabta da aron tsani."

"In zoben nan ɗaya ya rufe fa?"

Ta mayar da farantin cikin akwati kafin ta amsa. "Makon jiya na ga na wata mata, babu zobe ko ɗaya. Tana sama, a ɗaki na huɗu. Ana ta gwada mata wasu."

Ya cire safar, ya wanke hannu har sau biyu ba tare da an ce masa ba.

Allurar ta yi zafi, tun a rana ta uku kuma zazzaɓin ya sauka. Duk da haka ya riƙa rufe rumfa da hantsi yana zuwa, har ya cika bakwai. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba ta taɓa ganin tsoho mai zuwa kan minti haka ba.

Bayan mako biyu aka sake gwaji. Jikar ta kawo masa sabon farantin bakin taga, ta ɗaga shi a haske. Babu abin da ya tsiro. Ya dube shi ta sama, ya dube shi ta gefe.

"Sun tafi ke nan?"

"Daga mafitsara dai. 'Yan uwansu na nan a hanjinka, can gidansu ne, har amfani suke maka."

Ya dafa cikinsa. Sannan ya tambaye ta ko ana barin baƙi su gaida matar ɗaki na huɗu. Ta ce sai ƙarfe huɗu. Ya ce zai jira, ya nemi benci ya zauna.