Agogon Zauren Zurmi

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ake son kiran salla ya riƙa zuwa daidai, kada wannan ladan ya riga wancan. Malam Hayatu, mai gyaran agogo a Kaura Namoda, shi aka ɗora wa aikin. Yakan daidaita agogon aljihunsa da rediyo, ya bi masallatai har Shinkafi da Zurmi yana saita na bango.

Kwatsam wayar salula ta shigo gari. Shugaban kwamitin masallatai, Alhaji Nagoggo, ya kira shi.

"Agogonka lahiya lau shi ke, ba mu ce ya ɓaci ba. Amma yanzu kowane ladan na da waya. Ka huta haka nan."

Hutun ya zame masa ƙaiƙayi. Ya buɗe shago ya rufe, ya kwance agogon da ba abin da ya same shi ya sake ɗaurawa. Ba masallatan suka dame shi ba. A Zurmi 'yarsa ta fari, Fatimatu, take aure, shi kuwa mutumin da ne, ko sunanta ba ya faɗi, balle ya ɗauki ƙafa takanas zuwa gidan suruki. Da can in ya gama da masallaci sai ya ratsa zaurensu duba agogo, ta kawo fura ta durƙusa, ya saci kallonta. Kewa ta ishe shi, hujja kuma ta ƙare.

"Ka tahi ka ga yarinyag ga mana, wa zai kama ka?" in ji matarsa Lauratu, ita ma ba faɗin sunan take ba.

"In ce na zo yin mi?"

Ana nan sai direban motar Zurmi ya kawo sallahu: agogon zauren gidan Shu'aibu, mijin Fatimatu, ya rikice. Kafin direba ya rufe baki Hayatu ya shige mota.

Da isarsa zauren ya sauke agogon ya juya shi. Batir sabo, komai garau, sai dai garin gero a jikin ɗan abin murzawa. Da hannu aka karkatar da shi. Shu'aibu na tsaye da waya a aljihu, yana ta kallon rufin zaure. Fatimatu ta ajiye fura, kanta a sunkuye.

Hayatu ya saita agogon daidai, sannan ya ɗan murza shi baya.

"Wanga agogo ya tsuhwa," ya ce, bai dube ta ba. "Sai an riƙa duba shi duk mako."

"To, Baba," ta ce.