Teburan Sambal Masu Kunnuwa

Akwai ciwon da ya fi ciwon ido, shi ne mutum ya ce zai taimake ka amma ya ƙi tambayarka inda ke maka ciwo. Wannan girman kai ne da ya ari rigar alheri ya sa. Shi ya kama wani kafinta da ake kira Sambal, kuma ya biya kuɗinsa daram.

Sambal gwani ne, wannan ba a ja. In ya yi tebur ka ɗora ƙwai a kai, nan za ka dawo ka same shi. Shagonsa na bakin titi, da zarto da guduma kowanne a ƙusarsa, ma'aunin ƙarfe kuma a soke a bayan kunnensa kamar da shi aka haife shi. Sunan ya samo shi ne daga bakinsa, domin komai ka kai masa sai ya ce, "A miƙe shi sambal." A ƙuryar shagon akwai jan katako guda talatin, mai nauyi, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana tarawa. Da shi zai yi ƙofa da kantocin sabon shagonsa. Ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba.

Yana da ƙanwa tela, ita ce autarsu, kowa Auta yake ce mata har ta yi furfura. An haife ta da rawar ido. Ƙwayar idonta ba ta tsayawa wuri ɗaya, kullum tana kai da kawowa ba da sonta ba. Tun tana ƙarama ta gano cewa in ta karkata kai hagu, ta ɗan sauke haɓa, rawar takan lafa ta ga abu tas. Da haka take zura zare a allura, da haka ta yi shekara talatin a kan keken ɗinki. Shekara talatin ɗin nan kuma yayanta bai fasa ce mata, "Auta, miƙe kanki," ba.

Ba ita kaɗai ba ce a unguwar. Da ta bi gida gida ta samu masu irin idonta sun kai mutum tara har da ita, shida 'yan makaranta, uku manya. Suka riƙa haɗuwa a ɗakin ɗinkinta duk Asabar, a kan benci biyu da tabarma. Likitar ido ta zo musu sau ɗaya, ta ce abin ba a cire shi da magani, tabarau yakan taimaki wasu, amma babban abu shi ne kada a hana kowa karkatar da kansa, kuma a kawo masa littafi kusa, ta gefen da idonsa ke kwanciya. Yaran kuwa a teburin makaranta suke wuni a sunkuye, wuya na ciwo, ana ce musu malalata.

Sai Auta ta ce a yi wa kowa teburin karatu nasa, mai jingina littafi, gwargwadon karkatarsa.

Da yayyafi kogi kan cika. Mai askin unguwar ya ba da aikin wuni guda, ya kafa kujerarsa a filin makaranta ya yi ta aske kawuna har da waɗanda ba su tara gashin kirki ba. Matan layin suka ɗinka jakunkuna daga ragowar yadin Auta suka sayar. Direbobin tasha suka zagaya da gwangwani. Mai shago ya ba da ƙusa da gam. Wata biyu ana wannan, aka sayi farin katako mai kyau, wanda zai isa tebur tara cif, babu ragi. An riga an matse aljihun mutane, kowa ya san ba za a sake zagayawa ba. Makaranta kuma za ta koma nan da kwana arba'in da biyu.

A taron ƙarshe Sambal ya miƙe ya ce shi zai yi aikin kyauta.

Mai aski ya ce, "To ga Baba Gyara ma, ya ce zai sa hannu."

Baba Gyara tsoho ne mai gyaran kujerun da suka karye, a ƙarƙashin rumfar kwano yake aiki. Sambal ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan da ke yi wa kujera ɗori? Ku bar shi da guragunsa. Ni zan yi, kuma in ba su yi ba, jan katakona ya biya. Kowa ya ji."

Mai aski ya ce, "Mun ji. Kunnena ma yau na share shi."

Aka yi dariya. Baba Gyara ya ci gaba da sakace.

Auta ta yi abin da ta iya. Ta zaunar da mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ta ba kowa littafi, ta bar shi ya karkata yadda ya ga dama. Ta auna daga ido zuwa takarda, daga gwiwa zuwa ƙirji, ta duba ko hagu ne ko dama. Kowa ta yanka masa tsirin ƙyalle mai launi dabam, ta ƙulla awonsa a jiki, ta rubuta sunansa a baki. Ta ɗaure su wuri ɗaya ta kai shagon.

"Yaya, ga awon. Shuɗin na 'yar direba ne, ita dama take juyawa, kuma sai littafi ya kusa taɓa mata hanci. Jan na ɗan mai wanki ne, shi haɓa yake ɗagawa. Kowanne dabam ne, don Allah."

Sambal yana goge katako, bai ɗago ba.

"Ajiye can."

"Ka bari su zo ka gan su da kanka."

"Riga zan ɗinka musu? Tebur tebur ne, Auta. Ke ma da an kama kanki tun kina ƙarama da ba ki zama haka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Mu ba icce ba ne, Yaya."

"Je ki kan kekenki. Ni na taɓa zuwa na ce ga yadda za ki yanka hannun riga?"

Ta tafi. Ƙanwa ce, kuma a gidansu ba a saba mayar wa babba magana uku ba.

Bayan sati biyu ta dawo da sabon bantan aiki da ta ɗinka masa, don ta samu dalilin leƙawa. Ya tare ta a bakin ƙofa ya karɓa, ya ce ba a ganin aiki sai ya nuna. Ta kafaɗarsa ta hango shuɗin ƙyallen 'yar direba a ƙasa, ya yi baƙi da man goge katako. Sauran kuma an ɗaure ƙafafun tebur da su.

"Yaya, awon ne fa ka yi tsumma da shi."

"Awon yana nan," ya nuna kansa.

Ta je ta gaya wa mai aski. Mai aski ya zo, ya yi ta zolaya a bakin ƙofa, ya ce ko amarya ake ɓoyewa a ciki. Bai samu shiga ba shi ma. Ya koma ya ce wa Auta ta yi haƙuri, mutumin nan bai taɓa ɓata katako ba. Wannan gaskiya ne. Amma gwanin da bai tambaya ba, shi ya fi kowa nisan ɓata, don da sauri yake tafiya.

Ranar da ta cika kwana arba'in da ɗaya aka kawo teburan zauren makaranta a amalanke biyu. Iyaye sun zo, direbobi sun zo, shugabar makaranta na zaune gaba. Aka yaye yadin da aka rufe su, sai da mutane suka yi "Kai!" Suna sheƙi, tara kamar an haife su rana ɗaya, babu wanda ya fi wani ko da kaurin farce. Kowanne da ɗan farantin tagulla mai sunan Sambal. Shugabar makaranta ta riga ta ce masa in aikin ya yi kyau, benci sittin na sababbin azuzuwa nasa ne.

Sai dai kowane tebur yana da wani abu da ba a ce a yi ba. A saman majinginin littafin an kafa sanda, a jikinta allo biyu a tsaye, hagu da dama, an lulluɓe su da soso.

Mai aski ya ce, "Sambal, waɗannan kunnuwan fa? Teburan ma sauraron darasi za su yi?"

"Nan za su sa kai. Hagu allo, dama allo, ba inda za a karkata. Wata uku ka gani in ba su miƙe ba. Na ƙara muku da magani ne, kyauta."

Auta ta sunkuyar da kai.

Aka kira 'yar direba, yarinya ce mai shekara goma sha uku, wadda ta fi kowa son karatu a cikinsu. Ta zauna, ta sa kai tsakanin allunan. Aka jingina mata littafi. Idonta ya shiga rawa fiye da kullum, ga jama'a sun zuba mata ido. Ta buɗe baki ta rufe. Ta yi ƙoƙarin juyawa dama, allo ya tare ta. Ta matso gaba, sanda ta tokare mata goshi.

Sambal ya ce, "Daure, 'yata. Karanta."

"Kawu, ban ga komai ba. Layukan sun cuɗe."

"Rashin sabo ne."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta zare kanta a hankali, ta ɗauki littafin, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar teburin. Ta ɗora shi a gwiwa, ta juya fuska dama har kunnenta ya kusa kafaɗa, ta karanta shafi guda ba tuntuɓe. Da ta gama ta rufe littafin ta koma wajen babanta.

Aka gwada ɗan mai wanki, haka. Aka gwada sauran, haka. Na tara Auta ce. Ba ta zauna ba, ta dai dafa teburin.

"Yaya, aikin ya yi kyau. Ban taɓa ganin katako ya yi sheƙi haka ba. Amma shekara talatin kana ganin kaina ne ya karkace. Ni kuwa nan ne kaɗai nake ganinka sosai. In na miƙe yadda kake so, fuskarka dishi-dishi take zame mini. Duk ranar da ka ce in miƙe kaina, cewa kake in daina ganinka."

Sambal ya taɓa ma'aunin bayan kunnensa, bai samu abin aunawa ba.

Wani direba ya ce a cire kunnuwan kawai. Baba Gyara ya taso, ya zagaya tebur ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ƙasa. Ya ce ko an cire ba za a yi ba. Majinginin yana tsakiya, ya yi nisa, an haƙa masa gurbi an zuba gam, kuma an yanke katakon gajere gajere. In aka fasa, itacen wuta za a samu. Ya ce, "An yi shi da kyau ƙwarai, shi ya sa ba ya gyaruwa."

Mai aski ya gyara murya.

"To, Sambal. Kunnena da na share ran nan har yanzu a buɗe yake."

Mutum ana kama shi ne a bakinsa. Sambal dai ba maƙaryaci ba ne, wannan a ba shi. Washegari da hantsi amalanken da suka kawo teburan suka mayar da su shagonsa, suka fito da jan katakon. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo har na ƙarshe ya wuce. Ya ce a bar shi ya sake aikin. Iyayen suka ce sun gode, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yaran sun ce ba za su sake sa kai a komai nasa ba.

Aka kai wa Baba Gyara katakon. Shi kuwa ya saba da abin da ba daidai yake ba, duk rayuwarsa kujera mai ƙafa uku da rabi ake kawo masa. Ya ajiye akwati a ƙarƙashin rumfa, Auta ta sake yanka ƙyallaye, ya zaunar da kowa a kai yana gwada masa littafi.

"Nan ya yi, 'yar nan? Ko in matso? To nan fa? Kada ki ji nauyina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Yaran sun yi sati uku suna karatu a gwiwa kafin ya gama. Teburan da suka fito babu biyu masu kama da juna. Na 'yar direba majingininsa na can dama kamar zai gudu, na ɗan mai wanki dogo ne kamar zalɓe. Babu sheƙi, babu tagulla. A kansu ake karatu har yau.

Ga abin da Sambal ya rasa. Jan katako talatin da ya tara a shekara goma sha ɗaya, sabon shago kuma yana nan babu ƙofa. Aikin kwana arba'in da ɗaya. Benci sittin na makaranta, sun tafi rumfar kwano. Rabin shagonsa, don tebur tara masu kunnuwa suna jere a ciki, babu mai saye, da sunansa a jikin kowanne. Auta kuwa tana gaishe shi kullum in za ta wuce, da kanta a karkace hagu, amma tun daga ranar ba ta sake kawo masa awon komai ba.