Rabin Zagaye

Shekara goma sha ɗaya Svatava tana shiga gasar harbin ƙaramar bindiga, kuma ba ta taɓa harba harsashin da ba mahaifinta ne ya haɗa ba. Mahaifin nata, Vendelin Kubat, ya yi ritaya daga aikin sassaƙa ƙarfe, amma hannunsa ya ƙi yin ritaya. A 'yar rumfarsa ta bayan gida yake da tsohon injin haɗa harsashi mai hannu ɗaya. Ya wanke kwanson harsashi, ya ɗan buɗe bakinsa, ya auna albarushi, ya zaunar da kan harsashi, sai daga baya ya dawo ya matse bakin. Ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗinkin hula. In Svatava ta ci kofi, ita ake tafa wa, amma Vendelin ne ke yawo a filin da ƙirji a gaba.

Sai ga Radim, wanda ya auri Svatava. Injiniya ne a garin Zlin, mai fara'a, mai ladabi, irin surukin da kowane uba zai so, kuma wannan shi ya fi ba Vendelin haushi, don ya rasa inda zai kama shi. Wata uku da aure, Radim ya sayo wani ƙaton inji wanda duk jan hannu ɗaya sai harsashi ya faɗo a kammale.

Ranar wata Lahadi, ana tsakiyar cin agwagwa da kabeji, Svatava ta faɗi maganar kamar ba komai ba.

"Baba, bana ka huta. Radim zai riƙa haɗa mini. Ɗari huɗu yake yi a awa ɗaya."

"Ɗari huɗu," in ji Vendelin. "Harsashi ko gyaɗa?"

"Ai dama kai kake kukan ciwon kafaɗa," in ji matarsa Jarmila, tana ƙara wa Radim nama. "Ga shi an sauke maka, kuma ka tsuke fuska. Kai dai tsoho, ba a iya maka."

"Wa ya ce miki kafaɗata na ciwo?"

"Kai. Kullum. Har kaji sun sani."

Aka yi dariya, har da Radim, wanda ya yi saurin cewa shi fa ɗan koyo ne, Baba ne malami. Vendelin ya ji kamar ya kifa masa farantin a ka. Kishi ne, ba wani abu ba, kishi tsagwaronsa, a jikin mutum mai shekara sittin da takwas. Ya sani, kuma sanin bai rage masa komai ba.

Duk bazarar nan haka ya yi ta cin rai. Ya ga hotonsu a waya, Svatava na zuba kwanso a injin, Radim na jan hannu, baki har kunne. Ya ji mutanen kulob ɗin harbi suna tambayar Radim wane kan harsashi ya fi tafiya daidai. Radim! Mutumin da bara bai san gaban kwanso da bayansa ba. Rumfar Vendelin ta yi tsit, ya riƙa shiga yana goge injin da ba ƙura a kansa.

Saura kwana tara gasar da za a zaɓi masu zuwa ta ƙasa, ranar Alhamis da la'asar, Radim ya shigo rumfar da akwati a hammata. Svatava ta shekara tana shirin wannan gasa, har hutunta na aiki ta ƙarar a filin atisaye.

"Baba, taimako na zo nema. Ina jin kunya, amma ba yadda zan yi."

"To, Malam Injiniya. Injin gyaɗar ya tsaya ne?"

"Bai tsaya ba. Harsashin ne. Cikin goma sha biyar ko ashirin, sai ɗaya ya ƙi shiga makwancinsa sosai, bindigar ta ƙi rufewa. Na auna tsawonsu ɗaya bayan ɗaya, duk daidai suke. Na auna albarushi. Na rasa gane kansa."

Vendelin ya ɗebi guda biyar ya matsa kusa da taga. Bai ko ɗauki ma'auni ba. Ya murza na farko tsakanin yatsu, ya murza na biyu. A na huɗu farcensa ya kama wani abu: siririn zobe na jan ƙarfe, bai kai gashi kauri ba, a bakin kwanson, ga kuma ɗan kumburi a ƙasansa. Nan take ya gane. Injin Radim yana zaunar da kan harsashi yana matse baki a jan hannu guda, kuma an ɗaure bututun injin mai yin matsin ya yi ƙasa da yawa. Bakin kwanso na rufewa tun kan bai gama sauka ba, sai ya kankare fatar jan ƙarfen da ke jikin kan ya tara ta a gefe. Kwansunan kuma tsinto su ake yi a filin harbi, wani ya ɗan fi wani tsawo, shi ya sa ba kowane yake yi ba. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: a warware bututun rabin zagaye, a raba zaunarwa da matsewa.

Maganar ta zo masa har kan harshe. Sai ya tuna hoton nan na waya.

"Tsawon dai daidai ne," in ji shi.

"Ko? Ni ma haka na gani. To ko sifirin ɗin gidan harsashi ne ya yi laushi?"

"Yana iya yiwuwa. Sifirin na yin laushi."

Ya lallashi kansa cewa bai yi ƙarya ba. Tsawon daidai ne, sifirin kuwa na yin laushi. Kuma babu hatsari a ciki, bindiga ce kawai za ta ƙi rufewa. Za ta cije mata sau biyu a atisaye, Svatava ta fusata, ta bugo waya ta ce, Baba, haɗa mini irin naka. Radim ya yi godiya har da riƙe masa hannu biyu, ya bar kwalbar giyar 'ya'yan itace a kan benci, ya tafi. Ƙofar ba ta gama rufewa ba Vendelin ya jawo kwanon kwanso ya fara aiki.

Kwana huɗu ya yi yana haɗawa, guda ɗari uku, kowane ya jefa shi a bututun bindiga ya ji ya faɗa da kansa kafin ya sa a akwati. Jarmila ta leƙo ta ga yana waƙa ƙasa-ƙasa.

"Na wa kake yi?"

"Na ajiya."

"Ajiyar me? Yaƙi za ka?"

Waya ba ta zo ba. Radim ya canza sifirin, Svatava ta harba talatin a atisaye, aka yi sa'a ko rashin sa'a duk suka tafi lafiya. Ranar Juma'a Vendelin ya ɗauki waya sau uku yana ajiyewa. Me zai ce? Cewa ya gani tun makon jiya ya yi shiru? Ya sa akwatinsa a bayan mota, yana cewa a ransa ai in ta cije a zagayen farko, ga magani a kusa.

Ba ta cije a zagayen farko ba, ko na biyu. Svatava ta yi ta kwasar maki, tana tsere tsakanin shingayen katako, farantan ƙarfe na faɗuwa a gabanta. Har zagaye na shida tana ta biyu, kuma uku ake ɗauka. A na bakwai, mai dogon zango, ƙararrawa ta yi ƙara, ta harba huɗu, sai shiru. Vendelin na bayan igiya, ya ga bayan bindigar ya tsaya bai rufe ba. Ta doke shi da tafin hannu, ya ƙi. Ta ja, harsashin ya ƙi fita. Agogo na tafiya. Da ƙyar ta fizge shi ya faɗo a ciyawa, ta ci gaba, bayan harbi shida ta sake cijewa. Wani a cikin 'yan kallo ya ce, "Kash, 'yar Kubat!" Ta kammala a ta tara.

Vendelin ya ga ta sunkuya ta tsinci harsashin biyu ta sa a aljihu. Ya ga Radim ya nufo ta hankali a tashe, ita kuwa ta wuce shi ba ta ko kalle shi ba. Abin kunyar shi ne, na ɗan lokaci kaɗan, Vendelin ya ji daɗin wannan wucewar. Sai daɗin ya gushe, ya koma mota bai yi wa kowa sallama ba.

Washegari da hantsi ta shigo rumfar ita kaɗai. Ta ajiye harsashin biyu a kan benci, a tsaye.

"Baba, duba mini waɗannan."

Bai taɓa su ba. Daga inda yake zaune yana hango zoben jan ƙarfen.

"Jiya tun daga fili har Zlin ina yi wa Radim faɗa," in ji ta. "Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai da muka isa gida ya ce shi dai abin ya ɗaure masa kai, tunda har Baba ya duba ya ce lafiya. Har yanzu yana kare ka. Cewa yake wataƙila hasken rumfar ne ba shi da kyau."

"Tsawon na ce daidai ne."

"Ka murza su a hannunka?"

Ya kau da kai wajen taga.

"Baba, kai ko ƙwai ba ka saya sai ka murza shi. Ka murza?"

"Na murza."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya jawo akwatin nan ya buɗe, ɗari uku a jere suna ƙyalli. Shi kansa bai san me ya sa ya yi haka ba.

"Na haɗa miki waɗannan. Na zaci za ki bugo waya. Da kin bugo…"

"Yaushe ka fara su?"

"Ranar Alhamis ɗin."

"Bayan ya fita."

"Svatava, shekara goma sha ɗaya ni ne…"

"Na sani. Amma ba Radim ne a tsaye a layin jiya ba, Baba. Ni ce." Muryarta ba ta ɗaga ba, da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Faɗa mini gyaran, in je in gaya masa. Abin da ya kawo ni ke nan."

Ya faɗa mata: a raba zaunarwa da matsewa, a ɗan ƙara buɗe bakin kwanso, a warware bututun.

"Zagaye nawa?"

"Rabi."

"Rabi," ta maimaita. Ta tsaya tana kallonsa, kamar tana jira ya ƙara wani abu mai girma wanda zai kai shekara guda ta rayuwarta. Babu abin ƙarawa. Ta kwashe harsashinta biyu ta mayar aljihu, ta rufe masa akwatinsa da yatsa ɗaya, ta tura shi gabansa.

Ya ji ta a tsakar gida tana ce wa uwarta ba za su zo cin abinci yau ba, mako mai zuwa ma ba ta sani ba tukuna.