Ƙafa Uku ta Yaya Nasrullahi

Har yau in na ga mai hoto ya kafa ƙafa ukun kyamararsa a bakin kasuwar Marché Congo ta Duwala, sai raina ya ɓaci. Yaya Nasrullahi nake tunawa, da taurin kansa, da Asabar ɗin da ya cinye mana.

Baba ya yi shekara talatin yana aikin magatakarda a tashar jiragen ruwa. Can wani matuƙin jirgi ya ba shi madubin kallon rana, ɗan ƙarami, bai kai tsawon hannuna ba, da baƙin gilashi a bakinsa don kada ido ya ƙone. Da shi Baba ya nuna mana cewa rana ma tana da tabo a fuska, ɗigo-ɗigo kamar ƙudaje a faifai. Ƙafar madubin kuwa tsatsa ta cinye ta tun ambaliyar da ta shiga gidanmu na unguwar New Bell.

Shekarar da ake rufe gari daga Litinin zuwa Juma'a saboda rikicin siyasa, idon Baba na hagu ya mutu, na dama ya kama hanya. Ƙanwarsa, Gwaggo Hapsatu, ta ɗauke shi zuwa gidanta a unguwar Kotto, kusa da likita. Likita bai ɓoye ba, ya ce kwanaki suka rage wa idon. Baba abu ɗaya ya roƙa: a kawo masa madubinsa ya ƙara ganin tabon nan.

To madubin ba ya kalluwa a hannu, rawa yake yi. Sai an ɗora shi kan wani abu, abin kuma da za a iya ɗauka daga New Bell har Kotto. Ni ɗinki nake yi. Na haɗa jaka da guntayen atamfa, na cika ta da gero, na kwantar da madubin a kai, ya zauna daram. Ka karkata shi yadda ka so, geron ya riƙe.

Yaya ya dube ni ta saman tabarau. Wata shida ke nan da aka sallame shi daga ofis, amma bai daina ɗaura nakatayi ba.

"Lauratu, kunu za ki dama wa ranar? C'est un instrument de précision, na'ura ce mai son saiti! Ƙafa uku za a ƙera, ta ƙarfe."

"Yaya, yau Asabar, ga rana a waje. Mu tafi yanzu."

"Mahaifina ba zai kalli sama a kan kayan miya ba."

Ya kulle madubin a akwatinsa, ya kai wa Hamadu mai walda aiki a unguwar Village. Mako biyu! Da damina, a Duwala, inda rana ke fitowa sai ta ga dama. Da aka kawo ƙafar, doguwa, an shafe ta da baƙin fenti, na ce, "Yaya, don Allah dubi abin nan. Bututu a kan baƙar ƙafa uku, a garin da soja ke kowace mahaɗa? Ko makaho ya shafa zai ce bindiga ce. Bari in naɗe madubin a zani." Ya ce ba a raba su, saiti zai lalace. Saiti! Na jefa jakar gerona a kwando, na fice kafin in faɗi abin da ba a gaya wa wa.

Asabar ta zo da rana fes. Muka hau babur biyu, shi a gaba da abinsa a kafaɗa. Ba mu wuce mahaɗar Ndokoti ba sojoji suka tsayar da mu, bindigogi huɗu a kansa. Suka zaunar da shi a bakin kwata, yana ta zuba musu Faransanci, suna ƙara fusata. Awa uku muna nan, ina kallon inuwa tana tsawo.

Da na gaji na tashi. Na ce wa babbansu, "Ranka ya daɗe, in bindiga ce sa idonka ka gani." Na cire madubin, na ɗora jakar gero kan durom ɗin da suka tare hanya da shi, na saita. Ya leƙa, ya daɗe, ya ce, "Cinq! Tabo biyar ne!" Ya kira sauran. Ɗaya bayan ɗaya suka yi layi, suna dariya, suna shan ranar Baba. Wallahi na so in fasa madubin a kan wani. Suka sake mu, suka riƙe ƙafar.

Bayan la'asar muka isa Kotto. Hadari ya riga ya taso daga teku. Gwaggo ta fito da Baba tsakar gida, na aza jakar kan turmi. Kafin in gama saitawa gajimare ya rufe ranar ruf.

Baba ya sa idonsa. Ya daɗe, hannunsa na kan atamfar, yatsunsa na murza geron.

"Alhamdulillahi, ga su nan," ya ce. "Uku ne yau. Nasiru, ƙafar nan taka ta yi, ko motsi ba ta yi."

Na dubi sama, baƙi ƙirin. Na dubi Yaya, ina jira ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya gyara nakatayinsa mai taɓon kwata, ya ce, "Na gode, Baba."

Kwana goma sha huɗu aka yi ana ruwa. Ranar da rana ta dawo na ɗauki jakar na koma Kotto ni kaɗai. Na tarar da Baba zaune a tsakiyar hasken, yana tambayar Gwaggo ko gari ya waye.