Ƙamshin da Hindou Ta Rasa

Hindou ta zo Greensboro daga Maraɗi a sanyin 2001, ta iske mijinta Younoussa yana aikin lodin kaya a wani sito. Sati biyu da saukarta mura ta kayar da ita, irin wadda ba ta taɓa yi ba. Da ta tashi, sai ta ga ta yanka albasa ba ta ji komai ba, ta daka tafarnuwa shiru. Da farko ta ɗora wa ƙasar laifi, ta ce Amurka ce haka, komai wankakke, komai a leda. Sai da tukunya ta ƙone tana zaune a gefenta, na'urar hayaƙi na kururuwa a sama, sannan ta gane ba ƙasar ba ce, hancinta ne. Ta gaya wa Younoussa, ya ce zai wuce. Bai wuce ba, ita kuma ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Shekara huɗu tana kitso a shagon wata ’yar Togo, har yatsunta suka fara riƙewa. A Maraɗi sakatariya ce a wani ƙaramin asibiti, ta saba da takardun marasa lafiya. Shi ya sa da ta ji labarin kwas ɗin da ake yi ranar Asabar da safe, a saman wani bene kusa da tashar bas, ta je ta rubuta sunanta. Aikin mai sauƙin faɗa ne: likita ya duba mara lafiya ya rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, kai kuma ka karanta, ka ba kowace cuta da kowane aiki lambarsa, a aika wa kamfanin inshora. Ajinsu na ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro ne.

Malaminsu, Nicodemus, mutumin Kafanchan ne, ya yi shekara ashirin a ƙasar. A aji Turanci yake yi, amma in an tashi sai ya tsaya ya yi Hausa da ita, yana dariyar yadda take cusa Faransanci a ciki.

A sati na shida suka shiga babin hanci. Hindou tana bin layi da yatsa a cikin ƙaton littafin lambobi, sai yatsan ya tsaya a kan 781.1. Ta karanta bayanin sau uku: matsalar jin ƙamshi da ɗanɗano. Sauran darasin ba ta san me aka ce ba.

Da aka watse ta tsaya. “Malam, wannan lambar, mutane suna zuwa asibiti a kanta?”

“Kullum. Me ya faru?”

“Kuma ana warkewa?”

Nicodemus ya cire tabarau ya dube ta. “Madam Hindou, tun yaushe?”

“Shekara huɗu.”

“Haba! Shekara huɗu kina yawo da shi? Kina dafa abinci haka?”

“Da ido nake yi,” ta ce, ta yi dariya, sai dariyar ta juye ta koma hawaye. Ta ce ita ba ta san abin yana da suna ba.

Shi ya samar mata wurin gwajin aiki a wani ofishin likitocin hanci kusa da Irving Park, inda bas ke ajiye ta nesa ta ƙarasa da ƙafa tsakanin manyan gidaje, ba ta haɗuwa da kowa sai masu yankan ciyawa. A can wata likita ta zura mata siririyar kyamara a hanci, ta nuna mata a allo. Wani nama ne ya tsiro ya toshe hanyar, fari-fari kamar ɓararren inabi. Ta ce za a iya cire shi. Ƙamshi zai iya dawowa duka, ko rabi, ko ya ƙi. Ba za ta yi mata alkawari ba. Aka sa ranar yi mata tiyata, ƙarshen watan Mayu.

Ran Lahadi ta kira gida da katin waya, a lambar yayarta Kouloussoum, aka miƙa wa Inna, mahaifiyarsu. Ta so ta ba ta labari, amma muryar tsohuwar ta yi ƙasa sosai, tana tari tsakanin kalmomi. Sai ta bar shi. Ta ce a ranta in an gama za ta gaya mata gaba ɗaya.

“Yaushe za ki zo?” in ji Inna.

“Takarduna sun kusa, Inna.”

“Bara ma sun kusa.”

Inna ta rasu a farkon Mayu, ranar Talata da hantsi. Hindou tana ofis, tana neman lambar wankin kunne, wayarta ta yi ƙara. Takardun zamanta ba su fito ba, in ta fita daga ƙasar ba za ta iya dawowa ba, kowa ya san haka, ba wanda ya ce mata ta zo. Matan Nijar suka cika falonta kwana uku, suka dafa, suka yi addu'a, suka tafi.

Bayan kwana goma sha biyu Alhaji Moutari, mai kai motoci Kwatano yana biyowa ta Maraɗi, ya kawo mata ƙunshi daga Kouloussoum. Zane ne shuɗi da ya koɗe, da kallabi. Saƙon ya ce su ne a jikin Inna kafin a kai ta asibiti, kuma ba a wanke ba.

Hindou ta shiga ɗaki ta kifa fuskarta a cikin zanen. Ta ja numfashi har ƙirjinta ya yi zafi. Ta ji laushin yadin a kumatunta, ta ji wani ɗinki mai kauri inda aka taɓa yin faci. Ban da wannan, ba komai.

Ta kira Younoussa. “Malam, shinshina ka gaya mini.”

Ya karɓa da hannu biyu, ya kai hancinsa, ya daɗe. “Hayaƙin itace,” ya ce a hankali. “Da man kaɗe. Akwai kanumfari. Da wani abu… ban san sunansa ba, Hindou. Ita ce dai. Kamar na shiga ɗakinta gaisuwa.”

“Da ƙarfi yake?”

“Yana nan.”

Ta karɓe da sauri, kamar zai shanye shi. Ta ninke, ta sa a leda mai zif, ta sa ledar a cikin wata, ta tura ƙasan akwati. Saura kwana tara a yi mata aiki.

Aka yi aikin lafiya. Sati biyu hancin a kumbure, tana wanke shi da ruwan gishiri safe da yamma, tana karatun jarrabawa da baki buɗe. A sati na biyar, tana tsaye a tasha, wata bas ta tashi ta busa mata hayaƙi. Ta kauda kai tana yamutsa fuska, sannan ta tsaya cak. Dizal! Ta bi bayan bas ɗin taku uku tana shaƙa, mutane na kallonta.

Daga nan abubuwa suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, ba a jere ba. Kofi ya dawo, lemo ya dawo, tafarnuwa ta zo da wani baƙon wari kamar na roba. Ta hana kanta taɓa akwatin har wata guda, don hancin ya ƙara ƙarfi. Ran da ta buɗe, da la'asar ne, ita kaɗai a gida. Ta ji leda. Ta ji hayaƙi can nesa, siriri. Kanumfarin ba ta same shi ba, balle abin da Younoussa ya kasa ba suna. Ba ta san ko zanen ne ya saki ba, ko hancinta ne bai kai ba. Da ya dawo ya ce ta kawo ya duba mata, ta ce a'a.

Ta ci jarrabawa a watan Satumba, ofishin suka riƙe ta aiki. Nicodemus ya kira ya yi mata barka. Ranar ta kira Kouloussoum.

“Yaya, sauran kayan Inna fa?”

“An wanke an raba, tun sadakar arba'in.”

“Duka?”

“Sai matashin kanta. Ba wanda ya so shi, ya tsufa.”

“Kada a wanke. Kada a shanya. Ki sa shi a babbar kwalla ki rufe, ki ɗaure murfin.”

“In ba wa Alhaji Moutari ya kawo miki?”

“A'a, hanya tana cinye ƙamshin. Ni zan zo.”

“Yaushe?”

“Lauya ya ce shekara biyu. Wataƙila uku.”

Ta ji yayarta ta sauke numfashi, ta ji kukan akuya a bayanta da muryar wata mai tallan fura tana wucewa.

“To,” in ji Kouloussoum. “Bari in nemo kwallar.”

Hindou ta riƙe wayar a kunne tana sauraron takun silifas a tsakar gidansu, har katin ya ƙare.